Ƙulli A Cikin Fiyanon Dokki

Nazifi ne ya jawo wannan zance. Ranar Laraba ya bi ni unguwar Dokki, a nan Alƙahira, saboda yana da takardar da zai karɓa a ofishin jakadanci, ya zauna a kujerar baya ta zauren kiɗa yana kallona ina aiki, bai fi rabin awa ba. Yau ga shi ya cika baki da tuwon matata Rabi yana ba ku labari wai, "Ai Baba Iliya hutu yake tafiya yi. Ya danna ya murɗa, ya danna ya murɗa, khalas, shi ke nan." Ina jin dariyarku daga ɗaki. Har wani ya ƙara da cewa yanzu akwai abin da ake sa wa waya ta yi aikin gaba ɗaya. To ku ture kwanukan nan gefe ku gyara zama. Ganin Dala ba shiga birni ba ne. Na haura shekara talatin ina gyaran muryar fiyano a garin nan, aikin da Misirawa ke kira dozan, kuma har gobe ba na ɗora mabuɗi a kan ƙusa sai na yi bismilla.

Fiyanon farko da na taɓa a rayuwata, a kafaɗa na ɗauke shi. Daga Funtuwa na zo karatu kamar yadda kuka zo. Na yi shekara biyu, tallafin da ake ba mu ya yanke, sai na shiga dako da wasu 'yan Sudan masu kwashe kayan gida. Wata rana aka kira mu Mohandessin mu sauko da fiyano daga hawa na biyar, don lif ɗin gidan ba ya cinsa. Mu shida ne da igiya da bargo. Wani tsoho gajere mai kwat yana biye da mu, yana zaginmu da Larabci da wani yaren da ban taɓa ji ba. A hawa na uku ƙafar na gabana ta zame, gindin fiyanon ya daki bango, cikinsa ya yi gunji. Gunjin ya lafa, amma akwai wata murya ɗaya da ta ƙi mutuwa. Na ce da na kusa da ni, "Akwai abin da ya goce a ciki, ta hannun hagu."

Tsohon ya ce a ajiye. Nan a kan bene ya buɗe murfin, ya leƙa, ya sa yatsa ya mayar da wani ɗan matashin ulu mazauninsa, muryar ta ɗauke. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Wa ya koya maka ji?"

Na ce, "Malamin tajwidi."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Gobe ƙarfe takwas. Kada ka zo da waɗannan, kai kaɗai."

Shi ne Usta Hagob, usta kuwa lakabin gwanin sana'a ne a nan, Ba'armeniye haifaffen Alƙahira, wanda ya gaji dozan a wurin mahaifinsa. Shagonsa wani ɗaki ne a ƙarƙashin bene a tsakiyar gari, kullum yana warin gam ɗin fata da ake narkawa a kan risho. Na yi shekara guda cur a wurinsa bai bar ni na taɓa mabuɗi ba. Shara, goge haƙoran fiyano, ɗaukar jaka. Idan aka kawo wanda za a yi wa babban gyara, ni ne zan ciro gudumominsa tamanin da takwas, in rubuta wa kowace lamba, in jera su a kan tebur. Ranar da na musanya ta arba'in da ta arba'in da ɗaya, ya bar ni na ci gaba. Sai da na gama mayar da duka, ya danna su biyun sau ɗaya, ya ce, "Kwance."

Bari in gaya muku abin da ke cikin akwatin nan da Nazifi ya ga ina dannawa. Haƙora tamanin da takwas ne, amma tsirkiyoyin ƙarfen da ke ciki sun haura ɗari biyu, don yawancin haƙoran kowanne tsirkiya uku gudumarsa ke duka lokaci ɗaya. Ukun nan dole su yi magana da baki ɗaya. Idan ɗaya ta fi 'yan uwanta da ko ƙwayar zarra, za ka ji muryar tana kaɗawa kamar ruwa a cikin tulun da aka ɗauko a ka. Aikinka ka kwantar da kaɗawar nan har ta tsaya cak. Wannan shi ne darasin farko da Usta ya ba ni a shekara ta biyu, a kan wani tsohon fiyano da ba mai so. Yana zaune ya juya mini baya yana shan shayi. In murɗa, in saurara, in ce na gama. Ya ce, "Lissa, ya ibni." Wato da saura. Wata shida ina jin lissa. Ranar da ya ce "Tamam," wato ya yi daidai, bai ko juyo ba.

Kuma kunne ba shi ne mai wuyar ba. Hannu ne. Kowace tsirkiya an naɗe ta a kan ƙusar ƙarfe da aka kafa a cikin katako mai tauri, kuma ƙusar nan kanta tana murɗewa kafin gindinta ya motsa. Idan ka ja tsirkiya ta kai inda kake so ka saki mabuɗi, ƙusar tana nan a murɗe, tana jiran duka ɗaya mai ƙarfi ta koma inda ta fito. Sai ka wuce wurin da kaɗan, ka dawo da ita a hankali, ka ji a tafin hannunka ta zauna, sannan ka daki haƙorin da ƙarfin da ya fi na duk wanda zai zo ya kaɗa. In ba ta motsa ba, ka wuce ta gaba. Wayarku za ta iya nuna muku lamba, ban musa ba, ni ma na gwada. Amma ba ta da tafin hannu.

Sannan ga wani abin da ya ɗaure mini kai shekara da shekaru. Idan ka daidaita kowace murya da abokiyarta tsaf, ba kaɗawa ko kaɗan, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, za ka zagayo ka tarar ta ƙarshe ba ta haɗu da ta farko ba. Akwai ɗan rarar da ba shi da wurin zama. Sai ka ɗauki rarar nan ka gutsuttsura ka raba wa kowa daidai, kowace murya ta karkata kaɗan yadda kunne ba zai ƙi ba. Wannan rabon da ƙidayar kaɗawa ake yinsa a ka, wannan ta kaɗa sau kaza, ta gaba ta fi ta sauri kaɗan. Ba ranar da na yi shi ban yi gumi ba.

Ga jakar nan, Nazifi miƙo ta. Wannan shi ne mabuɗi, kotarsa itacen zaitun ce, kun ga inda hannu ya cinye ta. Wannan mai yatsu biyun kamar cokali shi ake kira shoka. Ka buga ta a gwiwa ka ɗora gindinta a ƙashin bayan kunne, ta ba ka murya ɗaya tak, wadda makaɗa ke kira La, daga ita ake gina sauran. A aljihun ƙirji nake ajiye ta, don in ta yi sanyi muryarta takan hau. Waɗannan tsinkunan ulu da su nake toshe tsirkiya biyu in saurari ɗaya. Allurai ukun nan kuwa na sassauta kan guduma ne idan ta taurare tana ƙara kamar kwano. Huda ɗaya da ta wuce kima, ka kashe gudumar, ba ta dawowa. Sai filaya, da nannaɗen waya kauri daban-daban, da tocila.

Wata tsohuwa a Dokki, Madam Su'ad, ta kusa sa ni barin sana'ar nan a shekarata ta huɗu. Ta ce haƙori ɗaya a fiyanonta yana zuza kamar ƙudan zuma. Na je na ji, gaskiyarta. Na ɗaure duk wani noti da ke jikin akwatin, na ciro kayan ciki na duba, na kwanta a ƙarƙashinsa da tocila. Zuwa uku ina yi, zuzar tana nan. A zuwa na uku ta ce, "A turo mini mu'allim ɗin da kansa." Na koma na faɗa wa Usta. Ya ce, "Ba zan je ba. Ka saurari fiyano kwana uku, yanzu je ka saurari ɗakin." Na koma na roƙe ta ta zauna ta riƙa danna haƙorin, ni kuma na bi bango ina ɗora hannu a kan duk abin da na tarar. Da na dafa gilashin hoton marigayin mijinta, zuzar ta ɗauke. Na cusa 'yar takarda a bayan firam ɗin. Ta dubi hoton, sannan ta ce, "Da ransa ma haka yake, ba ya bari in yi kiɗa lafiya." Na yi mata aiki har ta rasu.

Gidajen ma'aikatan jakadanci kuwa, Maman Dauda ce ta buɗe mini ƙofarsu. Mutuniyar Zonkwa ce, mijinta yana aiki a ofishinmu, ita ke kaɗa fiyano a cocinsu. Da Turanci muka fara magana, ta ɗauka ɗan Sudan ne ni. Na buɗe allon ƙasa na tarar ɓera ya yi sheƙa da ulun feda, har da 'ya'ya. Bakina ya suɓuce na ce, "Kai, ɓera, ka ci amanar gidan nan." Sai na ji ihu a bayana, "A'a! Ashe ɗan gida ne!" Ranar ban fita ba sai da na ci faten acca. Kafin shekara ta zagayo, babu gidan ɗan Najeriya mai fiyano daga Dokki zuwa Mohandessin da ban shiga ba. Wasu abokan karatuna sun ja baya da ni saboda kiɗa, wasu ba su ja ba. Ni dai na ci gaba da zuwa darasin malamina ranar Asabar, kuma da wannan mabuɗin na yi aure na riƙe gida.

Amma inda ake gane mai dozan shi ne zauren da Nazifi ya gani. Tsohon gidan wani attajiri ne aka mayar wurin kiɗa, kujerunsa ba su kai ɗari uku ba. Daga lokacin da zafi ya karye har zuwa dawowarsa, kusan duk mako biyu makaɗa na zuwa daga ƙasashen waje. Iri biyu ne. Akwai masu zuwa su huɗu, dukansu masu goge: ƙanana biyu da Misirawa ke kira kamanja, da matsakaici ɗaya, da babba da ake rungumewa tsakanin gwiwoyi, shello. Akwai kuma masu zuwa su uku: fiyano, kamanja da shello. Kada ku ce ranar masu huɗu hutu nake. Ni ke tura fiyano gefe in lulluɓe shi. Ni ke zama a kan kujerun nan huɗu ɗaya bayan ɗaya in jijjiga, don kujera mai ƙara tana iya ɓata wa mutum aikin shekara. Ni ke sa ɗan allon da tsinin shello ke takawa, ni ke faɗa da bawwab ɗin gidan, wato mai gadi, Ammu Sabir, a kan kashe takyif, na'urar sanyaya ɗaki, kafin a fara. Wasu sukan ce in je layin ƙarshe in zauna in gaya musu ko ana jin matsakaicin gogen. Ranar masu uku kuwa sau uku nake dozan: da safe, da bayan gwaji, da lokacin da aka tafi hutun tsakiya.

A zauren nan Usta ya miƙa mini aiki. Yana gyara haƙoran can sama, masu siririyar murya, ina tsaye ina riƙe masa tocila. Na ji suna hawa fiye da kima. Ya ɗago ya dubi fuskata.

"Faɗi gaskiya."

"Sun yi sama, ya Usta."

"Duka?"

"Daga nan zuwa ƙarshe."

Ya tashi daga kujerar ya ɗora mabuɗin a hannuna, ya tafi ofishin shugabar zauren, Madam Nadiya, ya ce mata, "Daga yau Ilyas," wato ni, haka suke kirana. Ta ce baƙin Turai za su tambayi inda na yi karatu. Ya ce, "Su tambayi fiyanon." Bayan shekara biyu ya rasu, 'yarsa ta aiko mini da akwatin kayan aikinsa.

Mummunar shekarar kuwa kun san ta, wasunku a nan ta same ku. Shekarar korona. Muna tsakiyar kakar kiɗa, masu goge huɗu suna shirin tasowa, aka rufe filin jirgi. Gidajen da nake shiga shekara ashirin, sai a leƙo ta bayan ƙofa a ce, "Ma'alish ya Usta, yi haƙuri sai abin ya wuce." Babu wanda ke mutuwa don fiyanonsa ya karkace. Rabi ce ta riƙe mu. Ta dafa tuwo da dambu, ni kuma na zama mai raba kuloli ga ɗaliban da suka maƙale a ɗakunansu a nan Ainu Shams. Hannun da ya saba da mabuɗi ya koma ɗaure leda.

Abin da ya fi damuna shi ne fiyanon zaure. Babba ne na gaske, ya girme ni, kuma babu irinsa da yawa a garin. Na hau metro na je sau uku. Ammu Sabir ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Mamnu', ya Usta, an hana. Wallahi ko ni ba na shiga, makullin yana hannun kwamiti." Na ce ko maganin asu a bar ni in sa. Ya ɗaga hannuwa sama. Haka fiyanon ya kwana ya tashi a rufe, zafi ya zo ya wuce ba takyif, sanyi ya zo ya wuce, wani zafin ya sake shigowa.

Ranar da Madam Nadiya ta kira ni aka buɗe, ina ɗaga murfi asu suka tashi mini a fuska. Matasan ulun da ke kashe murya an cinye su kamar ganyen da fara ta bi. Gudumomi duk rami. Haƙora goma sha wani abu in ka danna ba sa tasowa. Muryarsa ta zube ƙasa gaba ɗaya. Na kwanta a ƙarƙashinsa da tocila na bi allon ƙirjinsa taƙi-taƙi, don in shi ya tsage an gama. Ban ga tsaga ba. Na fito na ce alhamdulillahi.

Madam Nadiya ta ce, "Kwamiti na cewa a sayi na lantarki."

Na ce, "Ya Madam, babu makaɗin kirki da zai hau jirgi ya zo ya zauna a gaban na lantarki."

"Na sani. In babu masu uku, rabin kakar ta tafi, kuma masu tallafa mana ba za su tsaya don rabi ba. Akwai waɗanda suka yarda su zo nan da mako goma. Za ka iya?"

Na ce, "A ba ni makulli."

Ni da Ammu Sabir muka zaro kayan cikin muka sa a tasi. Nan inda kuke zaune na shimfiɗa su, Rabi ta yi wata guda tana tsallake gudumomi kafin ta shiga kicin. Sabon ulu ba ya shigowa ƙasar a lokacin. Na buɗe akwatin Usta na tarar da falle uku a naɗe cikin jarida da ganyen taba, asu bai taɓa su ba. Da reza na yanka matasai ɗaya bayan ɗaya na manna. Gudumomin na goge su da sandfefa har na wuce ramukan, na sake fitar musu da siffa, na bi su da allura. Da na mayar da komai, ban ja muryar sama lokaci ɗaya ba. Tsirkiyar da ta saba da kwanciya, in ka tashe ta da gaggawa sai ta tsinke. Sau huɗu na ɗaga, kowane ɗagawa in bar shi mako guda ya huta. A mako na tara La ɗinsa ta yi daidai da shoka, a kan abin da muke kira ɗari huɗu da arba'in.

Baƙin suka sauka ana gobe wasa. Mai fiyanon wata dattijuwa ce daga tsakiyar Turai, Madam Marta, doguwa, ba ta dariya. Ta zauna ta bi haƙoran daga ƙasa har sama, ta kaɗa na ɗan lokaci, ta gyaɗa kai. Sai mai kamanja ya nemi ta ba shi La. Yana ji ya yamutsa fuska. Ta juyo ta ce da ni, "Mista Ilyas, mu a ɗari huɗu da arba'in da biyu muke kaɗawa."

Na ce, "Madam, fiyanon nan daga jinya ya tashi. Masu goge za su iya saukowa cikin minti ɗaya."

Ta ce, "Gogensu ya saba da can, kunnensu ma haka. Shekara biyu ba mu fita ba. Ba za mu fara da rabin murya ba."

Madam Nadiya tana kallona. Biyu kacal ake magana, amma biyun nan a kan tsirkiya fiye da ɗari biyu ne. Na ce to.

Washegari ina idar da sallar asuba na kama hanya. Wasan ƙarfe biyar na yamma ne. Na fara daga tsakiya na hau sama, lafiya lau. Na dawo na gangara ƙasa inda manyan tsirkiyoyi suke, waɗanda aka nannaɗe da jan ƙarfe. Wajen ƙarfe goma, saura takwas in gama, na ɗora mabuɗi na ja kaɗan. Sai ji na yi tau, kamar an harba bindiga. Ammu Sabir ya shigo da gudu. Tsirkiyar ta tsinke daf da ƙusa, kuma a can ƙasa haƙori ɗaya tsirkiya ɗaya gare shi. Na danna, ba komai sai ƙarar katako.

Ku gane, irin waɗannan ba a sayensu a kasuwa. Kowace an yi ta ne don wurinta a wannan fiyanon, sai an aika awo waje a jira makonni. Hanya ɗaya ta rage, a yi mata ƙari da ƙulli. Sau biyu na taɓa ganin Usta ya yi, sau ɗaya na gwada a fiyanon makarantar yara. Za ka yanko waya mai kauri ɗaya da cikin tsirkiyar, ka lanƙwasa zobe a bakin kowace, ka zura su cikin juna, jan da za a yi shi zai ɗaure su. Amma dole ƙullin ya tsaya a ɗan wurin da ke tsakanin ƙusa da inda tsirkiya ke fara magana, wurin bai fi yatsa uku ba. Na farko da na yi, da na ja, ya zarce ya tokare. Na kwance, tsirkiyar ta ƙara gajarta, bakin waya ya huda mini babban yatsa. Na san in na uku ya zama dole, babu sauran abin kamawa. Na naɗe yatsan da tsumma, na sake awo, na lanƙwasa, na zura. Ammu Sabir yana riƙe da tocila yana salati. Na ja a hankali, ƙullin ya matse, ya tafi, ya tafi, ya tsaya saura kaurin ƙwayar shinkafa. Na danna haƙorin. Ya amsa.

Da azahar suka zo gwaji. Ban jira ta gano ba, na kai ta na nuna mata. Fuskarta ta canza. Ta buɗe takardun kiɗan ta nuna mini da yatsa: a kiɗan ƙarshe hannunta na hagu a kan wannan haƙorin yake zaune, kuma da shi ake rufewa.

"Zai riƙe?"

Na ce, "Ƙullin zai riƙe. Sabuwar waya ce za ta yi ta miƙewa tana sauka. Ki bar ni da ita har biyar."

Ta ce da sauran su ɗauki gogensu su koma ɗakin baya su yi gwajin a can. Daga nan har la'asar ina wuri ɗaya. In ja, in danne tsirkiyar da guntun katako, in daki haƙorin sau ashirin, ta sauka, in sake ja. Da farko duk minti biyar take sauka, sannan duk kwata, sannan rabin awa. A gefen dandamali na yi salla.

Ƙarfe biyar aka buɗe ƙofa. Kujera ɗaya da mutum, ɗaya ba kowa, kowa da takunkumi, 'yan kwamiti da masu tallafi a layin gaba. Ina tsaye bayan labule. Rabin farko ya wuce. Da aka tafi hutu na fito na duba, ta sauka da kaurin gashi, na mayar na zaunar da ƙusar. Suka dawo suka shiga kiɗan ƙarshe. Matar nan ba ta tausaya wa haƙorin ba ko kaɗan. Ta dake shi da dukan ƙarfin kafaɗarta, ta sake, ta sake, shello yana biye da ita a murya ɗaya, wanda in da an samu saɓani ko kurma sai ya ji. Ban ji kaɗawa ba. A ƙarshe masu goge suka ɗaga hannu, ta taka feda ta bar muryar nan ita kaɗai tana tafiya, tana sirancewa, miƙe kamar zare, har ta ɓace. Sannan mutane suka miƙe tsaye.

Sau huɗu ana kiransu su fito. A na huɗu ba ta rusuna ba, ta zo bayan labule ta kamo hannun rigata ta jawo ni, da tsumma a yatsa, ta kai ni gaban fiyanon. Ta ce da jama'a wani abu, Madam Nadiya ta fassara da Larabci, ni ban ji ko kalma ɗaya ba saboda tafi. Bayan an watse, 'yan kwamiti suka hau dandamali suna layi suna leƙa ƙullin da tocilar Ammu Sabir. A makon aka sa hannu a kan sauran kakar, masu huɗu da masu uku duka. Sabuwar tsirkiya ta iso bayan wata biyu na sa ta.

Da zafi ya shigo ana shirya kaka ta gaba, Madam Nadiya ta kira ni ofis. Ta ce wasiƙa ta zo daga Madam Marta, sun yarda za su dawo, amma da sharaɗi ɗaya a rubuce. Ta juyo mini da takardar ta sa yatsa a kan layin. Ba otal aka ambata ba, ba mota ba. Sunana ne.

Ta ce, "Me zan amsa mata, ya Usta?"

Na ce, "Ki ce mata ɗari huɗu da arba'in da biyu. Yana nan yana jiranta."